Zare: Rabin naushin da ake zubarwa. Tarihin kaset, dambe da bidiyon tafiyar hawainiya

1/ Duk wanda ke da tsohon kaset na dambe, kokawa ko ƙwallo a ajiye a gida, kada ya yar, kuma kada ya yi gaggawar kai shi a juye masa a waya. A kowane sakan na kaset ɗin nan akwai hotuna 50. Yawancin masu juyewa 25 suke ba ka, sauran su bi iska. Ga tarihin yadda aka yi haka ta faru. 🧵

2/ Zaren yana da tsawo, a yi haƙuri da ni. Za mu bi ta kan dokin wani attajiri a Amurka, wutar NEPA, fim ɗin Turmin Danya, faifan VCD da takobin kokawar Nijar. Kafin mu gama za ku ga abin da ya haɗa su, da dalilin da ya sa maganar ta shafe mu mu 'yan Fagam, Gwaram da Birnin Kudu.

3/ Mu fara da gardama, don ita ce ta haifi wannan ilimi. Ƙa'idar dambe a fili take: turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. To amma naushi ne ya kai shi ƙasa, ko santsi ne, ko ture shi aka yi? Jama'a cike da fage, kowa da abin da idonsa ya gani.

4/ A da, ma'ajiyar dambe bakin makaɗa ce. Yawancin abin da muka sani game da Shago ta waƙar Ɗan Anace ya iso mana, sai kuma labarin dattawan da suka kalla. Waƙa tana riƙe suna da kwarjini. Amma yadda ɗan dambe ke dasa ƙafa, da lokacin da yake sakin hannu, wannan sai hoto.

5/ Wanda ya fara kashe irin wannan gardama da hoto shi ne Eadweard Muybridge. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, attajiri Leland Stanford ya ɗauki nauyinsa don a gano abu ɗaya: idan doki na sukuwa, akwai lokacin da ƙafafunsa huɗu duk suke barin ƙasa?

6/ Muybridge ya jera kyamarori 12 a gefen hanya, kowace ta ɗauki hoto ɗaya yayin da dokin ke wucewa. Amsa ta fito: e, suna barin ƙasa, amma a lokacin da suka tattaru a ƙarƙashin ciki. Masu zane kuwa sun daɗe suna zana su a miƙe gaba da baya. Duk mai kallon hawan sallah ya gwada gani da ido, ba zai iya ba.

7/ Darasin da aka ɗauka daga nan shi ne har gobe ake amfani da shi: in kana son fahimtar motsi, yanka lokaci ƙanana-ƙanana. Yawan yankan da ka samu a sakan ɗaya, shi ne yawan abin da za ka gani. Ku riƙe wannan, don duk zaren a kansa yake.

8/ Sai talabijin ta zo da tata matsalar. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ta nuna hoto gaba ɗaya a lokaci guda. Layi-layi take zana shi daga sama zuwa ƙasa. In ta zana cikakken hoto sau 25 a sakan, allon ya dinga ƙifta-ƙifta yana damun ido. In an ce a zana sau 50, zangon da tasha ke watsawa a kai ba zai ɗauka ba.

9/ Dabarar da injiniyoyi suka fito da ita a farkon shekarun 1930, irin su Fritz Schröter na kamfanin Telefunken a Jamus da Randall Ballard na RCA a Amurka: a raba hoton biyu. A fara zana layi na 1, 3, 5, 7 har ƙasa. Sannan a dawo a cike na 2, 4, 6, 8.

10/ Kowane zagaye rabin hoto ne, kuma ana yin 50 a sakan. Ido ya ga kamar hoto ɗaya mai santsi, tasha kuma ba ta ƙara kashe zango ba. Ni saƙaƙƙen hoto nake kiransa, don kamar tabarma ce: wannan kaba ta shiga, waccan ta biyo ta. Da wannan tsari BBC ta fara watsa shirye-shirye a Landan a Nuwamban 1936, da layuka 405.

11/ Me ya sa 50? Saboda wutar lantarki. A Turai wuta tana kaɗawa sau 50 a sakan, sai aka daidaita talabijin da ita. A Amurka 60 ce, shi ya sa nasu tsarin NTSC yake da kusan 60. Najeriya ta gaji 50 daga Ingila. Wato lissafin wutar NEPA ne ke cikin kaset ɗin bikin iyayenku.

12/ Ga wajen da mutane da yawa ba su lura ba. Kyamarar bidiyo ba hoto ɗaya take ɗauka ta raba shi biyu ba. Kowane rabi a lokacinsa daban ake ɗaukarsa. Tsakanin rabin farko da na biyu akwai kashi ɗaya cikin 50 na sakan. In hannu na tafiya, a rabin farko yana nan, a na biyu ya matsa gaba.

13/ Talabijin ta iso Najeriya ranar 31 ga Oktoba 1959, da tashar WNTV a Ibadan zamanin Awolowo. Arewa ta buɗe tata a Kaduna a 1962, wato RKTV. Mai launi ta fara a Jos a tsakiyar shekarun 1970. A 1977 gwamnatin soja ta haɗe tashoshin ƙarƙashin hukuma ɗaya, wadda muka sani da NTA.

14/ Tsarin launin da muka ɗauka shi ne PAL, wanda Walter Bruch ya ƙirƙira a Jamus aka fara amfani da shi a 1967: layuka 625, waɗanda ake gani 576, rabi 50 a sakan. Nijar ta bi Faransa ta ɗauki SECAM, amma ita ma layuka 625 ne da rabi 50. Don haka abin da zan faɗa ya shafi kaset ɗin Maraɗi da Damagaram kamar yadda ya shafi na Kano.

15/ Mu a kudancin Jigawa, kafin 27 ga Agusta 1991 'yan Jihar Kano ne. Tashar jiharmu a lokacin ita ce CTV 67, wadda aka kafa zamanin gwamna Abubakar Rimi, yau ake kira ARTV. Kyamara a wancan zamani kayan gwamnati ce. In ba tasha ce ta turo ma'aikatanta ba, wasanku ya wuce ke nan.

16/ A can waje kuma an riga an fara mayar da wasa baya. Ranar 7 ga Disamba 1963, Tony Verna na tashar CBS ya sake nuno cin da aka yi a wasan ƙwallon Amurka tsakanin sojan ƙasa da na ruwa. Abin sabo ne har sai da mai sharhi ya gaya wa jama'a ba wani sabon ci ba ne, na ɗazu ne aka maimaita.

17/ A 1967 kamfanin Ampex ya fito da HS-100, na'ura mai faifai da ke riƙe kimanin sakan 30, tana iya nuno su da tafiyar hawainiya ko ta tsayar cak. Kayan manyan tashoshi ne masu kuɗi. Talaka sai ya jira kaset.

18/ Kaset ya zo: Betamax na Sony a 1975, VHS na JVC a 1976. Kyamarar da ke da kaset a cikinta ta shigo kasuwa a 1983. Daga baya manyan na saɓawa a kafaɗa, irin su Panasonic M3000 da M9000, suka zama kayan aikin mai bidiyo, mutumin da ake ɗauka haya ranar biki, suna ko naɗin sarauta.

19/ Da irin wannan kayan aiki ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi Turmin Danya a Kano a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage na Kudu. Tarihin Kannywood an rubuta shi sosai, musamman Farfesa Abdalla Uba Adamu. Wanda ba a cika waiwaya ba shi ne sauran abin da kyamarorin nan suka ɗauka.

20/ Mai bidiyon da ya ɗauki kamu ranar Juma'a, shi ne zai ɗauki dambe bayan kaka, shi ne zai ɗauki wasan ƙarshe na gasar ƙwallon unguwa, shi ne zai bi dawaki ranar hawa. Ba don tarihi yake yi ba, don abinci yake yi. Amma abin da ya bari shi ne kaɗai shaidar motsin jikin mutanenmu na shekarun 1990.

21/ Ku duba yadda VHS ke rubutu. A cikin injin akwai ganga mai juyawa da kawuna biyu. Kowane kai in ya shafi tef sai ya ja layi ɗaya a karkace, kuma layin nan ɗaya rabin hoto ɗaya ne. Wato a jikin tef ɗin kansa rabin nan 50 a ware suke, kowanne da gurbinsa. Ba wanda ya cakuɗa su.

22/ A 1995 aka shigo zamanin MiniDV, ɗan ƙaramin kaset mai rubutun dijital. Girman hotonsa 720 a 576, awa ɗaya tana cin wajen gigabait 13 in an juye ta wayar FireWire. Shi ma saƙaƙƙe ne. Har kyamarorin HDV da suka biyo baya, masu layi 1080, yawancinsu rabi 50 suke ɗauka.

23/ To ina aka fara asara? A faifan VCD. Lokacin da kasuwa ta koma faifai a farkon shekarun 2000, VCD ya fi arha, ya fi sauƙin kwafa. Amma girman hotonsa 352 a 288 ne, hoto 25 a sakan. Ku lura da 288: rabin 576 ke nan daidai. Ba shi da wurin ajiye rabi biyu. Dole a yar da ɗaya ko a dama su wuri guda.

24/ DVD ya fi mutunci, don yana iya riƙe saƙar yadda take. Amma kafin ya zauna da gindinsa waya ta shigo. Aka koma 3GP, hoto 176 a 144, sau da yawa wajen 15 a sakan, ana turawa ta Bluetooth ko a shagon masu tura fina-finai a kasuwa. Yau kuma WhatsApp yana ƙara matse abin da ya rage.

25/ Mu yi lissafi. A ce naushi ya ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na sakan daga kafaɗa zuwa muƙamuƙi. A kaset na asali kana da hotuna 10 na tafiyarsa. A VCD 5. A 3GP 3: ga hannu a baya, ga wani hazo a tsakiya, ga mutum a ƙasa. Da hotuna 3 wa zai koyi wani abu?

26/ Akwai kuma abin da kowa ya taɓa gani ko da bai san sunansa ba. Ka buɗe tsohon bidiyo a kwamfuta, ka tsayar a daidai lokacin motsi, sai ka ga gefen hannu ya yi tsaga-tsaga kamar haƙoran mataji. Mutane su ce kaset ya lalace. Lafiyarsa ƙalau.

27/ Abin da ke faruwa shi ne allon kwamfuta da na waya ba sa zana rabi-rabi, hoto cikakke suke nunawa. Sai su ɗauki rabi biyu da aka ɗauka a lokuta daban su manna su tare. Haƙoran matajin nan su ne shaidar cewa hotonka na biyu yana nan da ransa. In ka gan su, ka yi murna.

28/ Hanyoyin da ake bi a kawar da su iri-iri ne. Ta farko: a yar da rabi ɗaya. Hoto ya yi tsaf, amma ka tashi da 25. Ta biyu: a narka biyun tare. Matajin ya tafi, sai hannu ya zama biyu kamar fatalwa. Waɗannan biyun su ne yawancin manhajojin juyawa ke yi in ba ka hana su ba.

29/ Ta uku ita ce tamu: a ware kowane rabi a mayar da shi hoto mai zaman kansa. Rabi yana da layuka 288, sai manhaja ta cike gurbin da ke tsakaninsu ta hanyar duban layin sama da na ƙasa, da hotunan gaba da na baya. Sakamako: hoto 50 a sakan, kowanne lokacin gaske ne da kyamara ta gani.

30/ Daga nan tafiyar hawainiya lissafi ce kawai. Ka kunna 50 ɗin nan a kan 25 a sakan, gudun ya ragu da rabi, babu hoto ko ɗaya na ƙarya. Ka rage zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, har yanzu ido na iya bin motsin. Wanda ya fara da 25 kuwa, yana ragewa sai hoton ya dinga tsalle kamar kwaɗo.

31/ Kayan aikin kyauta ne. In gani kawai kake so, VLC yana da zaɓin Yadif 2x. In juyewa za ka yi, HandBrake yana da zaɓin Bob, sai ka tabbata ka sa 50 a gudun hoto. Masu ffmpeg su sa yadif=1 ko bwdif. Mafi kyawun sakamako QTGMC ne a AviSynth ko VapourSynth, sai dai yana cin lokaci da caji.

32/ Tarko ɗaya da za a kiyaye: wane rabi ne na farko? MiniDV rabin ƙasa yake fara ɗauka, HDV na sama. In manhaja ta juya su, za ka ga hannu ya yi gaba ya dawo baya, ya yi gaba ya dawo baya, kamar mai makyarkyata. Ka sauya tsarin kawai, komai zai daidaita.

33/ Tarko na biyu ya fi muni, don ba ya gyaruwa: kada a rage ko a ƙara girman hoto kafin a ware rabin. In aka matse hoton da saƙarsa a ciki, layukan sun cakuɗe ke nan har abada. Shi ya sa bidiyon da ya riga ya bi ta Facebook ko YouTube da haƙoran mataji a jikinsa da wuya ya ceto.

34/ Ga mai VHS: 'yar na'urar USB da ake haɗa bidiyo da kwamfuta, a saita ta ta ɗauki 720 a 576, kada manhajarta ta taɓa saƙar. A ajiye wannan babban fayil a matsayin uwa. Duk ƙananan da za a tura wa mutane a waya daga jikinta za a cire, ita kuma ba a taɓa ta.

35/ In ka samu 50 ɗinka, Kinovea manhaja ce ta kyauta da masu horar da 'yan wasa ke amfani da ita. Tana tafiya hoto bayan hoto, tana auna kusurwar gwiwar hannu, tana jera bidiyo biyu gefe da gefe. Kowane taki ɗaya kashi 2 cikin 100 na sakan ne. Ka ƙirga taki, ka san lokaci.

36/ Me za a nema a dambe? Tazarar da ke tsakanin dasa ƙafar gaba da sakin hannun zare. Ko ɗan damben yana sauke hannun kariya kafin ya kai duka, wanda shi ne ƙofar da abokin karawa ke jira. Ko ƙugu ne ya fara juyawa ko kafaɗa. Tsofaffin 'yan dambe sun san wannan a jikinsu, amma nuna wa yaro a allo wani abu ne daban.

37/ Akwai ma tambayar tarihi. Ɓangarorin Kudu, Arewa, Guramaɗa da Jamus, shin tsayuwarsu da salon dukansu sun bambanta, ko suna ne kawai? Damben da ake yi yau a dandalin Ado Bayero a Kano ko gidan Ali Zuma a Dei-Dei, daidai yake da na shekara 30 baya? Kaset ne kaɗai zai raba wannan gardama.

38/ A kokawa abin ya fi tsanani. Nijar na gasar takobi tun 1975, aka fara a Tawa, kuma ƙasar gaba ɗaya ke tsayawa ta kalla a Télé Sahel. In 'yan kokawa biyu suka zube tare, tambayar ita ce jikin wa ya fara taɓa ƙasa. A hoto 25 za ka iya ganin su duk a sama, na gaba duk a ƙasa. Amsar tana cikin rabin da aka yar.

39/ Amma kada mu zuzuta abin ya wuce ƙima. 50 ba ta da yawa. iPhone 5s ta zo da 120 a 2013, iPhone 6 da 240 a 2014, Galaxy S9 da 960 a 2018. Wanda zai ɗauki wasan gobe ya yi amfani da waya mai wannan dama. Maganar kaset magana ce ta abin da ya riga ya wuce, wanda ba za a sake bugawa ba.

40/ Sannan in mai bidiyo bai ƙara saurin ƙiftawar kyamara ba, kowane rabi zai fito da ɗan hazo a wurin motsi, musamman wasan yamma da haske ya yi ƙasa. Kuma kyamara ɗaya kusurwa ɗaya take gani. In alƙali ko makaɗi ya tare, ba manhajar da za ta leƙa bayansa.

41/ Game da manhajojin AI da ke ƙara hotuna a tsakani su mayar da bidiyo 120 ko 240: suna da daɗin kallo, amma hasashe suke zanawa. Hoton da suka ƙara kyamara ba ta taɓa ganinsa ba. A yi nishaɗi da shi, kada a yanke hukunci da shi, kada kuma a ajiye shi a matsayin tarihi.

42/ Ita kanta tafiyar hawainiya tana da nata ruɗin. Wani bincike da Eugene Caruso da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya nuna in mutane suka kalli abu a hankali, sun fi ɗaukar cewa da gangan aka yi shi. Shi ya sa ƙa'idar VAR ta ce a rage gudu don gano inda aka taɓa, amma ƙarfin laifi a duba shi a gudun gaske.

43/ Kuma bidiyo ba ya kashe kowace gardama. Ku tuna 26 ga Yuni 2018, Najeriya da Ajantina a Rasha. Ƙwallo ta taɓa hannun Marcos Rojo, alƙali ya je ya duba allo da kansa, ya ce babu fenariti. Kyamarori birjik, amma har yau in aka tayar da zancen a majalisa sai an yi musu.

44/ Yanzu ga abin da ya sa na ce kada a yi sanya. Tef ba dutse ba ne. Zafi, laimar damina, ƙurar hunturu da fumfuna duk suna cinsa. Kaset ɗin da aka ɗauka shekarar da aka ƙirƙiri Jigawa ya haura shekara 30. Da yawa ma tun tuni aka ɗora wani biki a kansu, don kaset kuɗi ne a lokacin.

45/ Injinan kunnawa su ma suna ƙarewa. Funai, kamfani na ƙarshe da ke ƙera bidiyon VHS, ya daina a Yulin 2016. A 2019 UNESCO da ƙungiyar ma'ajiyar sauti da bidiyo ta duniya, IASA, suka yi gargaɗin cewa wajen 2025 samun injin da gyaransa zai yi wuya ƙwarai. Ku tambayi mai gyaran rediyon garinku yaushe rabonsa da ganin kan bidiyo sabo.

46/ A Birnin Kudu muna da zanen shanu a jikin duwatsu, irin na Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda Bernard Fagg ya yi nazari a shekarun 1950. Sun yi ɗaruruwan shekaru suna nan. Abin kunya ne a ce hoton da kakanninmu na nesa suka bari ya rayu, na iyayenmu kuma ya ruɓe a cikin kwali ƙarƙashin gado.

47/ Abin da kowa zai iya yi yau ba tare da kashe ko sisi ba: a fito da kaset daga ƙasa, a jera shi a tsaye kamar littafi, nesa da rana da lasifika. A karya ɗan harshen da ke bayansa don kada a ɗora wani abu a kai. In an ga farin fumfuna ta tagar kaset, kada a kunna, zai ɓata tef ya ɓata inji.

48/ Na biyu: a zauna da dattijon da ya san wasan, a rubuta gari, shekara, sunan waɗanda suka sa zare da wanda ya ɗauka. Bidiyon da ba a san su wa ke ciki ba rabin amfaninsa ya tafi. Kuma a nemi izinin mai kaset da iyalan waɗanda ke ciki kafin a watsa, don sau da yawa biki da dambe kaset ɗaya suke.

49/ Na uku: in za a kai a juye, tambaya ɗaya za a yi wa mai shago, "Malam, hoto nawa ne a sakan zai fito?" In ya ce 25, a roƙe shi ya bar saƙar yadda take ko ya fitar da 50. Ko ya juye, a karɓo kaset ɗin a koma da shi gida. Kada a bar masa, kada a yar.

50/ Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Akwai ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a Jos, akwai Arewa House a Kaduna, akwai Gidan Ɗan Hausa a Kano. A gida kuma muna da Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Inji biyu masu lafiya, kwamfuta ɗaya da ɗalibai masu neman abin rubuta kundi sun isa a fara.

51/ 'Yan uwana ɗalibai na sashen Hausa, tarihi, aikin jarida, kwamfuta da ilimin motsa jiki: maimakon mu sake rubuta kundi na ɗari a kan tasirin kafafen sada zumunta, ga fage nan a buɗe. Kaset 20 daga Gwaram da Birnin Kudu, a juye su daidai, a rubuta bayanansu, wallahi aiki ne da za a daɗe ana komawa gare shi.

52/ Tun da Dambe Warriors suka fara saka wasanni a YouTube a 2017, duniya ta san dambe, miliyoyi na kallo. Amma in baƙo ya tambaya yaya ake yinsa kafin zuwan waya, me za mu nuna masa? Wanda ya san tsohon mai bidiyo a Fagam, Gwaram, Birnin Kudu ko ko'ina da har yanzu kwalayensa na nan, ya ajiye sunan garin a ƙasa. Ku tura wa wanda kuka san yana da kaset.